Wutsiyar Darakta

Da yawa cikinku sun rubuto suna cewa in daina jan rai, in faɗa kawai: na amince da Torben ko ban amince ba? Zan faɗa. Sai dai aikina jarida ne, kuma abu na farko da aka koya mini shi ne a jera magana yadda ta faru. Ku ɗan yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Ilka. Shekarata talatin da ɗaya, ina ɗauko labaran kotu da na majalisar gari wa wata ƙaramar jarida a nan Fürth, a ƙasar Jamus. Ni kaɗai nake zaune, ɗaki biyu a hawa na uku, kuma rabin bangon falona kabad ne na gilashi cike da dainoso na roba, wato manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru da suka ƙare tun zamanin da. Mahaifina, Ottmar, mai fenti ne a wani kamfanin kayan wasan yara da ke bayan gari. Da hannu suke yi, ɗaya bayan ɗaya. Shekara huɗu ke nan da ciwon huhu ya tafi da shi. Abin da kabad ɗina ya iya ɗauka na kwaso, sauran kuwa, samfuran da ba a taɓa kai su kasuwa ba, suna cikin kwalaye a ɗakin ƙasa na gidan Mama, kowanne a naɗe cikin tsohuwar jarida, suna jiran ranar da zan samu gida mai faɗi.

A tsakiyar kabad ɗin akwai Darakta. Irin masu cin naman nan ne, babban kai da 'yan hannuwa, tsayinsa bai wuce kwalbar madara ba. Yana tsaye ƙiƙam, tumbi a gaba, wutsiya tana jan ƙasa, shi ya sa Baba ya sa masa sunan, wai haka mai kamfaninsu yake tsayuwa in zai sanar da cewa bana babu ƙarin albashi. Ranar da aka rufe kamfanin, Baba ya dawo da shi a aljihun kwat, babu fenti. A teburin kicin ya yi masa, ina zaune ina kallo, shekarata takwas. Kore mai duhu irin na kwalbar giya. A kowane ido ya ɗiga farin ɗigo da tsinken sakace, al'adarsa ce, duk abin da ya fita daga hannunsa yana da wannan ɗigon. Bai jira ya bushe ba ya ɗaga shi ta wutsiya, sai babban yatsansa ya fito raɗau a jikin fentin. Ya yi tsaki zai gyara, na ce a bar shi. Aka bar shi.

Masu tara waɗannan abubuwa kashi biyu ne. Akwai mu, masu ajiya: abu yadda ya fito, haka zai zauna, ko ƙarzuwa ce a jikinsa ba ma shafe ta. Akwai masu gyara, su ne ke yankewa, su lanƙwasa, su sake fenti, don abin ya dace da binciken masana na yau. Muna tsokanar juna a kasuwa, muna shan kofi tare. Doka ɗaya ce ta haɗa mu: ba a taɓa kayan wani sai an tambaya. Shi ya sa za ku ga manyan mutane suna zagaya tebura hannuwansu a baya kamar masu duba gawa.

Torben, saurayina, mai gyara ne. Aikinsa ƙera haƙoran roba wa likitocin haƙori, hannunsa ba ya rawa. Ranar da ya fara zuwa gidana ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsaya gaban kabad, ya mayar da hannuwansa baya. Ya daɗe yana kallon Darakta.

"Kin san dai ba haka suke tsayuwa ba," ya ce. "Da ya ja wutsiya haka, da ƙashin bayansa ya karye."

"Je ka faɗa masa," na ce. "Shekara ashirin da uku yana tsaye, bai taɓa zuwa asibiti ba."

Ya yi dariya, bai taɓa gilashin ba. Ba zan ɓoye muku ba, wannan hannu a baya shi ne abin da ya fara shigar da shi raina.

Mama kuwa tun zuwansa na farko gidanta shan kofi ranar Lahadi ta gama yanke hukunci. Ya ci kek ɗinta na tuffa yanka biyu, ya gyara mata ƙofar firji. Tun daga nan maganarta ɗaya ce.

"Mutum mai sana'a, ba ya shan taba, yana wanke kofinsa. Me kike jira, Ilka? 'Yar Frau Endres ƙanwar bayanki ce, ga ta da goyo na biyu. Ke kuwa kullum Asabar kina share wa ƙadangaru ƙura."

Asabar ɗin da ta wuce ma abin da nake yi ke nan. Da burushin kwalliya nake share su, mai laushin nan na hoda. Na buɗe gilashin, na fara daga sama, mai dogon wuya, mai ƙaho uku, har na iso tsakiya. Na ɗaga Darakta, na kai burushi fuskarsa, sai na tsaya.

Babu ɗigo a idonsa.

Na juya wutsiyar. Fenti sumul, babu yatsa. Ƙira ɗaya ce, kamfani ɗaya, koren ma ya yi kusa ƙwarai. Amma wani ne ya yi masa fenti, wani da ban sani ba.

Na ajiye shi a kan tebur. Na duba ƙofa, ba a fasa ba. Na duba sauran, kowa da ɗigonsa. Ɓarawo ba ya kawo canji, kuma mutum ɗaya ne a duniya yake da makullin gidana na biyu. Na ɗauki waya, na rubuta wa Mama saƙo.

"Mama, kin shiga gidana kwanan nan?"

"Na ba furanninki ruwa lokacin da kika je taro Berlin. Lafiya?"

"Ke kaɗai?"

Alamar rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta ɓace. Sannan:

"Gobe ki saka shuɗiyar rigar nan. Kuma don Allah kada ki ɗauko jakar nan mai kama da buhun dankali. Zan same ku a kasuwar."

Washegari ranar kasuwar masu tara kaya ce, wadda ake yi duk kaka a zauren wasanni. Mama ba ta taɓa taka ƙafarta wurin ba, ko lokacin da Baba ke da rai. Ina riƙe da wayar saƙon Torben ya shigo: "Ki zo da wuri. Teburina yana jikin taga. Akwai abin da zan nuna miki." Da hoton zuciya guda uku.

Ku lura da yadda mutum yake lallashin kansa. Na zauna na tsara labari mai daɗi. Na ce akwatin gilashi ya yi masa, ko ɗan dakali na katako, ya ɗauke shi ne don ya auna. Na ce zan yi masa faɗa a kan makulli, sannan in yafe. A kotu na sha ganin shaidu suna yin haka, suna zaɓar abin da ya fi sauƙin ji. Na goge shuɗiyar rigar.

Zauren yana warin kofi da soyayyen tsiran alade, kamar kullum. Tebura a jere, kowanne da ƙyallensa, maza masu furfura suna yawo hannu a baya. A bakin ƙofa na ci karo da Waltraud, wadda ta yi aiki benci ɗaya da Baba, yanzu tana sayar da tsofaffin kaya.

"'Yar Ottmar! Yau kuma riga? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna Waltraud. Ya kasuwa?"

"Kasuwa ta masu kallo ce, kowa aljihunsa a ɗinke. Je ki wurin mai haƙoranki. Tun safe ya lulluɓe wani abu, ya hana kowa leƙawa. Na ce masa in haƙoran wata tsohuwa ne ya ba ni in gwada."

Ta biyo ni. Torben yana tsaye jikin taga cikin farar riga mai maɓalli, an yi masa aski. Mama tana gefensa da kwat ɗinta na zuwa coci, ta rungume jaka.

"Gudrun, matso nan ki fi gani," ya ce mata.

Gudrun. Watan jiya Frau Zeitler yake ce mata, wato Madam Zeitler. Mama ba ta ba mutum izinin kiran sunanta haka kawai. Maƙwabcinta na shekara talatin har yau bai samu ba. Na ajiye wannan a raina.

Ya buga cokali a jikin kofi, mutane suka taru. Ya ce shi ba gwanin magana ba ne, hannunsa ne ke magana. Ya ce ya samu mace wadda ta san darajar abu. Sannan ya yaye ƙyallen.

Zan yi masa adalci: aikin ya yi kyau. Dabba ce ruwan ƙasa mai ratsi-ratsi, baya a miƙe kamar tebur, kai a gaba, doguwar wutsiya a sama tana daidaita nauyi. An yi mata leɓe, an jera mata sababbin haƙora, kowanne da siffarsa. Idanun gilashi ne, ruwan zuma. Tana taka wata laka da aka ƙera har da sawun ƙafa. A cikin bakin, tsakanin haƙora, zobe yana ƙyalli.

Matasa suka yi tafi. Wani ya ɗaga waya. Tsofaffin ba su yi tafi ba, sun ga ƙafafun, sun gane ƙirar.

"Darakta ne," in ji Torben. "Na mayar da shi yadda yake a gaskiya. Da babanki ya ga binciken yau, haka zai yi shi. Ilka, za ki aure ni?"

Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. Abin da na iya shi na yi, na fara tambaya.

"Yaushe ka ɗauke shi?"

"Lokacin da kike Berlin. Ilka, zoben..."

"Fentin fa?"

"Na jiƙa shi a ruwan cire fenti. Kai, fentin da taurin kai, sai da na bi da burushin haƙori." Ya yi 'yar dariya, yana duban mutane.

"Idanun?"

"Na huda, na sa na gilashi. Dubi yadda suke kama haske."

"Ya aka yi bayan ya miƙe?"

"Ruwan zafi da na'urar busar da gashi, sai na yanka a ƙugu na cike. Wutsiyar ce ta ƙi, ta riga ta sandare a lanƙwashe. Dole na cire ta na yi sabuwa."

"Wanda ka ajiye mini a kabad fa?"

"Wurin wani mutum a Beljiyam na samo. Don kada ki ga gurbi."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ya dubi zoben. Sannan ya faɗi gaskiya, kuma ita ce kaɗai abin da zan gode masa a kai.

"Na san za ki hana."

Waltraud ta ja numfashi a bayana. "Ɗan nan," ta ce, "aikin Ottmar ka jiƙa? Kai ko kunya? In tsohuwa ta kawo maka haƙoranta gyara, sai ka mayar mata da na doki don sun fi ƙarfi?"

"Da ƙauna na yi," ya ce. Kunnuwansa sun yi ja. "Wata biyu ina shirin wannan. Ilka, abin wasa ne da aka yi shi ba daidai ba. Ni na ba shi rai."

Na sa yatsa biyu cikin bakin dabbar, na zaro zoben. Haƙoran suna da kaifi, ya iya aikinsa. Na saka zoben a aljihun rigarsa, kusa da biro, na daddanna aljihun.

"Wannan naka ne," na ce. Na nuna abin da ke kan tebur. "Wancan ma naka ne. Ban san shi ba."

Ga amsarku, masu tambaya. Da a nan labarin ya tsaya, da na kwana da sauƙi.

Mama ta cim mini a barandar da ake rataye kwat. Takalminta yana ƙwas-ƙwas a kan tayil.

"Kin kunyata yaron nan a gaban jama'a."

"Ke kika buɗe masa ƙofa."

"Ni na buɗe. Kuma in aka sake, zan sake buɗewa." Ta gyara wuyan kwat ɗinta. "Kin san shekara nawa na yi ina cin abinci da warin fenti? Teburin kicin ɗina bai taɓa zama nawa ba. Ubanki ya shaƙi abin nan har ya cinye masa ƙirji, ina zaune ina jin tarinsa ta bango. Na binne shi, na ce to, an gama. Sai ga 'yata ta kwashe su ta jera a falo, tana musu shara kamar kabari. Wa zai zauna da ke a haka? Yaron nan ya zo ya ce yana son ya shiga cikin abin da kike so. Na ce ga hanya."

"Ba hanya kika ba shi ba, Mama. Baba kika ba shi."

"Roba ce, Ilka."

"In roba ce, me ya sa kuka sayo wani kuka ajiye?"

Ta kawar da kai. Ta buɗe jakarta, ta tura alewar tari gefe, da tabarau, da tikitin bas. Ta fito da wani abu a naɗe cikin hankicin takarda, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

Wutsiyar ce. Tsawon yatsana, kore irin na kwalbar giya, an yanke ta sumul da wuƙa mai kaifi. Na juya ta. Yatsan Baba yana nan, kowane layi.

"Na ce masa ya cire wannan kafin ya jiƙa," ta ce. "Na ajiye miki."

Na daɗe ina kallon abin a tafin hannuna. Har zuwa wannan lokacin ina ce wa kaina Mama ba ta sani ba, ba ta taɓa bambanta mai ƙaho uku da karkanda ba, a wurinta duk tarkace ne. Ashe ta san daidai inda yatsan yake.

"Kina wurin ke nan da ya yanka."

"Ni na riƙe masa. Ya ce in ba a riƙe da kyau ba zai tsage."

"A ina?"

"A kicin ɗina. Ina kuma?"

A teburin da aka yi masa fenti. Ban faɗa ba, ta sani.

Daga cikin zaure ana sanarwa a lasifika cewa mai farar mota ya tare hanya. Wata mata ta zo ɗaukar kwat, ta ga fuskokinmu, ta fasa. Na naɗe wutsiyar, na saka a aljihun shuɗiyar rigar. Mama ta ga haka, ta ɗauka na fara saukowa. Ta dafa hannuna, muryarta ta yi laushi, irin wadda take yi in ina zazzaɓi.

"Ki daina ganin kamar da wasa ya yi. Yaron nan yana da hankali. Bai taɓa Darakta ba sai da ya tabbatar ba zai ɓata shi ba. Ya ce tsohuwar roba halinta daban, ba a san zafin da take ɗauka ba, ba a san ruwan da ke cire fentin ba. Sai da ya gwada hannunsa sosai tukuna."

"Ya gwada a kan me?"

"A kan na kwalayen nan mana. Na ɗakin ƙasa. Su da ba mai kallonsu."

Na ji sanyin tayil ya ratso takalmina. A cikin kwalayen akwai samfuran da Baba ya yi wa kamfani kafin a zaɓi launi, waɗanda babu irinsu a ko'ina. Akwai wani ja mai faranti-faranti a gadon baya da aka ƙi karɓa, akwai mai dogon wuyan da ya yi wa ɗigo-ɗigo kamar barewa don ya ba ni dariya. Ban buɗe su ba tun bayan jana'iza. Jira nake in samu gida mai faɗi. Ni da Torben har mun je duba ɗaya a watan jiya, ya auna bangon falon da taku, ya ce kabad biyu za su shiga.

"Guda nawa?" na ce.

Mama ta dubi takalminta.

"Mama. Kwali nawa ya buɗe?"

"Ban ƙirga ba. Yakan zo ranar Laraba bayan aiki, ya sauka ƙasa. Ni dai ina dafa masa kofi."

Na miƙa mata hannu. "Ba ni makullin ɗakin ƙasa."

Ta sake buɗe jakar, ta rufe. Ba ta ko laluba ba.

"Ba ya wurina," ta ce. "Na bar masa, don kada ya riƙa tayar da ni."

Na juya. Ƙofar zauren gilashi ce, ana hango teburin jikin taga. Mutane sun watse, an mayar da ƙyallen. Torben yana tsaye shi kaɗai, yana kallon inda muke, hannuwansa biyu a baya. Na taɓa aljihuna, na ji wutsiyar tana nan. Sannan na tura ƙofar na koma ciki.